Likita, mu yar da magen Baba ko mu bar masa ita?

Wata 'yar'uwa ce ta turo mini wannan daga Rikkos, na ɗan taƙaita shi: "Salam Likita. Mahaifinmu ya yi ritaya shekara 6 kenan, yana da hawan jini, bara kuma Allah ya yi wa Mama rasuwa. Tun daga nan ya zama wani iri, baya fita sai masallaci, abinci ma sai an yi ta lallashi. Wata uku da suka wuce wata 'yar mage ta shigo gidan ta liƙe masa, yanzu har hira yake da ita, shi ke ajiye mata kan kifi. Yayanmu ya ce a kai ta nesa a yar, saboda matarsa na da ciki kuma wai gashin mage na kawo asma da hana haihuwa. Ni kuma na ga bidiyo a TikTok wai a Turai har asibiti ake kai karnuka da dawaki su yi wa marasa lafiya magani. Da gaske ne ko ƙanzon kurege ne? Kuma ɗana mai shekara 7 yana da otizim (galahanga), shi ma zai amfana?"

Wa'alaikissalam ƙanwata. Allah ya jiƙan Mama ya sa ta huta, ya ba Baba lafiya da haƙurin rashi. Bari in fara ba ki amsar a gajarce tun kafin in yi nisa da surutu: kar a yar da magen nan. A yi mata allura, a ba ta maganin tsutsa, a gyara 'yan abubuwan da zan faɗa saboda mai cikin, amma a bar wa tsohon nan abarsa.

Ni likitan dabbobi ne, na haura shekara 20 ina wannan aikin a nan Jos, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne duk wanda ya kawo dabba asibiti to marasa lafiya biyu ne suka shigo, wani sa'in ma mai dabbar ya fi dabbar buƙatar a saurare shi. To ki dubi Baba da kyau. Mutum ya yi shekaru talatin da wani abu yana tashi da asuba saboda akwai inda ake jiransa, akwai fayil ko aji ko ma'aikata da ba za su motsa ba sai ya zo, a gida kuma akwai matar da za ta ce Malam ga ruwan wanka, Malam gishiri ya ƙare. Rana ɗaya aiki ya tsaya, sannan matar ta tafi, ku kuma 'ya'ya saboda tsabar ƙauna kuka kewaye shi da Baba zauna, Baba huta, Baba kar ka ɗaga, Baba bari a kawo maka. Kowa na yi masa hidima, babu mai neman komai a wajensa. Sai ga wata 'yar halitta ta shigo wadda ba ta san ya yi ritaya ba, ba ta san yana takaba a zuci ba, ita dai ta san in gari ya waye wannan tsohon ne mai kan kifi, in bai tashi ba za ta zo bakin ƙofa ta yi ta kuka har sai ya tashi. Wallahi rabin maganin kenan. Ta ba shi dalilin tashi daga gado da lokacin yin abu, ta ba shi wanda zai yi wa magana ba tare da an ce masa "Baba ka yi haƙuri ka daina tunani" ba.

Kuma fa mu ba baƙin wannan abu ba ne, suna ne kawai ba mu sa masa ba. Wace tsohuwa ce a gidajenmu na da ba ta da 'yar akuyarta ko kajinta? Za ki ga kaka tana dama dusa tana faɗa da tunkiya kamar jikarta, ta san wadda ba ta ci ba yau, ta san wadda ta kusa haihuwa. Akwai wani dattijo a Gangare da nake duba wa tattabaru shekara da shekaru, tsohon direban babbar mota, bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki likitan gashi ya yi ta fama da shi ya riƙa motsa hannun ya ƙi, wai ya gaji, amma kullum da safe sai ya ja ƙafa zuwa ɗakin tattabarun nan ya ɗebi gero da wannan hannun ya watsa, ya ɗaga ƙwarya ya duba ƙwai. Atisayen da ya ƙi yi don kansa ya yi shi don tsuntsaye. Ban ce tattabara ta warkar da shi ba, har ya rasu yana ɗingishi, amma bai kwanta ya ruɓe a ɗaki ba.

To bari mu zo kan abin da masu bincike suka gano, don kar ki ce labarin zaure nake ba ki. A 1980 wata mai bincike a Amurka, Erika Friedmann, ta bi mutum 92 da aka kwantar saboda ciwon zuciya, ta duba su bayan shekara guda. Cikin 53 da ke da dabba a gida mutum 3 ne suka rasu, cikin 39 da ba su da ita kuwa 11 ne suka rasu. Adadin mutanen kaɗan ne amma shi ya buɗe ƙofa. Can a 2017 masana a jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka bi bayanan mutum sama da miliyan 3.4 har na tsawon shekara 12, suka tarar waɗanda ke zaune su kaɗai amma suna da kare haɗarin mutuwarsu a wannan tsakanin ya yi ƙasa da kashi 33 cikin 100 idan aka gwada da masu zaman kaɗaici da ba su da shi. Ki lura da wannan, masu zama su kaɗai su suka fi amfana.

Wanda ya fi dacewa da Baba shi ne binciken Karen Allen na 2001 a jami'ar Buffalo. Ta samo dillalan hannun jari 48 masu hawan jini, irin mutanen da kullum zuciyarsu a wuya take saboda kuɗin mutane, aka ba dukkansu maganin hawan jini lisinopril, sannan aka ce rabinsu su ɗauki kare ko mage. Bayan wata 6 maganin ya sauko da jinin kowa, masu dabba da marasa dabba. Amma da aka sa su a yanayin matsi, irin a ba ka lissafi mai wuya a ce yi sauri, jinin masu dabba bai yi tsalle kamar na sauran ba. Kin ga kowa da aikinsa kenan, ƙwaya na riƙe jinin a zaune, dabbar na rage yadda yake harbawa in rai ya ɓaci. Saboda haka don Allah kar wani ya ce tunda Baba ya samu mage a rage masa magani, ya ci gaba da shan ƙwayarsa kullum da zuwa awon jini yadda likitansa ya tsara.

Me ke faruwa a jiki? Idan mutum na cikin damuwa jikinsa na fitar da wani sinadari da ake kira kotizol, shi ke sa jini da siga su hau, barci ya ƙaurace. A 2019 a jami'ar jihar Washington an gwada ɗalibai 249, waɗanda aka ba minti 10 kacal suna shafa kyanwoyi da karnuka kotizol ɗin da aka auna a yawunsu ya fi na sauran sauka. Akwai kuma oksitosin, sinadarin da ke zuba wa uwa in tana shayarwa ya sa ta ji jaririn nan ya shiga ranta, a Japan a 2015 an nuna yana ƙaruwa a jikin mutum da na karensa idan suka daɗe suna kallon juna. Sannan ga taɓawa kanta. Ki yi tunani, tun rasuwar Mama wa ke taɓa jikin Baba in ban da musabaha a masallaci? A al'adarmu ba a rungumar uba, ba a zama a jingina da shi. Mage ba ta san wannan kunyar ba, za ta hau cinyarsa ta kwanta da ɗuminta, ga sanyin Jos na Disamba da Janairu kuwa kin san yadda yake.

Amma gaskiya ɗaya ce dole in faɗa miki, masu bidiyon nan suna zuzuta abin fiye da kima. Na ga masu cewa gurnanin mage na haɗa karyayyen ƙashi, ko wai tana shanye ciwo daga jikin mutum, wannan ki bar shi a inda kika gan shi. Su kansu manyan binciken akwai inda ake ja da su, domin mai lafiya da ɗan abin hannu shi ne dama zai iya ɗaukar kare ya riƙa zagaye da shi, to shin karen ne ya ba shi lafiya ko lafiyar ce ta ba shi damar riƙe kare? Cibiyar bincike ta RAND a Amurka ta duba yara sama da 5,000 a 2017, da farko aka ga 'ya'yan gidajen da ke da dabba sun fi lafiya, amma da aka cire tasirin arzikin iyaye da irin gidan da suke zaune sai bambancin ya ɓace. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ma a 2013 cewa ta yi akwai alamar riƙe dabba, musamman kare, na tafiya tare da raguwar ciwon zuciya, amma kar mutum ya je ya ɗauko dabba don wannan dalilin kawai. Kuma yawancin ribar kare daga tafiyar ƙafa take fitowa, su can dole ka fita da shi safe da yamma, sai ka cika minti 150 na motsa jiki a sati da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so ba ka ma sani ba. Mu kuwa karen gadi ne a ɗaure da sarƙa a bayan gida yana haushi, wannan ba abin da zai rage wa maigida sai barci.

Shi ya sa nake cewa dabbar da mutum ya so da kansa ita ke amfaninsa. Da ku kuka je kuka sayo mage kuka ajiye wa Baba kuka ce ga magani, wataƙila ko kallonta ba zai yi ba. Wannan ita ta zaɓe shi shi ma ya karɓe ta.

Yanzu batun asibiti da kika gani. Da gaske ne, kuma ya daɗe. Tun 1796 aka buɗe wani gidan kula da masu taɓin hankali a garin York na Ingila, lokacin da ake ɗaure irin waɗannan bayin Allah da mari, su sai suka zuba zomaye da kaji a tsakar gida suka bar marasa lafiya suna kula da su. Florence Nightingale, matar da ake kira uwar aikin nas na zamani, ta rubuta cewa ƙaramar dabba abokiyar zama ce mai kyau ga wanda ya daɗe yana jinya. Amma wanda ya mayar da abin fanni shi ne Boris Levinson, masanin halayyar yara a New York. Akwai wani yaro da ya ƙi yi wa kowa magana, ranar nan aka kawo shi kafin lokaci karen likitan mai suna Jingles na ofis, kare ya je wajen yaro, yaro ya fara yi wa kare magana, daga nan likita ya samu ƙofar shiga. Da ya gabatar da wannan gaban abokan aikinsa a 1961 dariya wasu suka yi masa, har da mai tambayar ko yana raba kuɗin aikin da karen. Yau ga shi ana kai karnukan da aka horar ɗakin yara masu kansa, gidajen tsofaffi, da wajen sojojin da yaƙi ya bar musu firgici. A jami'ar Purdue an sa akwatin gilashi mai kifaye a ɗakin cin abincin tsofaffi masu ciwon mantuwa, sai aka ga suna zama su natsu su ci abinci fiye da da, har nauyinsu ya ƙaru.

Sai dai ki fahimci yadda ake yi. Dabbar ba ita ce likita ba. Akwai ma'aikacin lafiya da ya san abin da yake nema, misali yana so yaron nan ya riƙa miƙa hannun dama, sai ya ba shi buroshi ya taje kare, ko yana so ya furta kalma sai ya sa shi ya ba kare umarni, ana rubutawa ana auna ci gaba sati bayan sati. Dabbar an tantance halinta, an yi mata allurai, an yi mata wanka, akwai mai riƙe da ita, kuma in ta gaji ana janye ta.

Na doki shi ya fi burge ni, wataƙila don mu mutanen doki ne. Wata 'yar ƙasar Denmak, Lis Hartel, shan inna ya kama ta a 1944 tana da shekara 23, ƙafafunta daga gwiwa zuwa ƙasa suka shanye, sai an ɗora ta a kan doki an sauke ta, amma ta ci azurfa a gasar Olamfik ta 1952 a Helsinki. Daga nan likitocin gashi a Turai suka fara kallon doki da wani ido. Hikimar ita ce idan doki na tafiya a hankali, ƙugun wanda ke kai yana juyawa gaba da baya da gefe kusan irin yadda yake yi in mutum na tafiya da ƙafarsa, to yaron da bai taɓa takawa ba jikinsa na samun wannan motsin ɗaruruwan sau a zama ɗaya, tsokar baya da ta ciki na ƙarfi, zama na daidaita, ɗumin jikin dokin kuma na sassauta tsokar da ta sandare. Game da otizim, wanda wasu ke kira galahanga, an yi gwaji a jihar Colorado aka wallafa a 2015, yara sama da 100, sati 10, waɗanda suka yi hawan doki na koyarwa sun samu raguwar saurin fushi da rashin zama wuri ɗaya, kalmomin da suke furtawa ma sun ƙaru. Raguwa na ce fa, otizim ba abin da doki ko mage ke cirewa ba ne, duk wanda ya ce miki zai warkar da shi da dabba ko da wani jiƙo ki riƙe jakarki da kyau.

Kuma don Allah kar ki ɗauki yaro ki kai wajen masu dokin haya na angwanci ko na sallah ki ce a ɗora shi. Waɗancan dawakin an koya musu zabura da tsalle ne, ga ƙaimi ga hayaniya. Yaro mai farfaɗiyar da ba a shawo kanta ba, ko mai raunin ƙashin wuya, hawan doki haɗari ne gare shi, sai likitansa ya duba ya amince, da hular kwano, da mai jan linzami da mutum a kowane gefe. Abin da za ki iya yi yanzu ba ko sisi shi ne ki riƙa kai shi wajen kakansa. Kar ki tura shi ya taɓa magen, ki bar shi ya kalla daga nesa, wasu yaran masu otizim gashi ko kukan dabba na tayar musu da hankali, wasu kuma nan take suke liƙewa. In ya nuna sha'awa sai Baba ya koya masa zuba mata ruwa, a lokaci ɗaya kullum don irin yaran nan na son abu mai tsari, a nuna masa a shafa daga kai zuwa baya, ba a jan wutsiya. Kina zaune a wajen ko da yaushe. Ni abin da nake hangowa ma ya wuce magen, kaka da jika ne za su samu abin da ya haɗa su wanda baya buƙatar doguwar magana.

To Yaya kuma. Kar ki yi masa kallon mugu, tsoronsa na da tushe, wajen maganin ne ya kauce. Akwai wata ƙwayar cuta, tokzoplasma, da ke fita a kashin mage, in mace ta kamu da ita karon farko tana da ciki tana iya jawo ɓari ko ta taɓa ido da ƙwaƙwalwar jariri. Amma mage na zubar da ƙwayar ne na sati 1 zuwa 3 kawai bayan ta fara kamuwa, kuma kashin sai ya kwana 1 zuwa 5 kafin ya iya harbin mutum, ba a gashi take ba, ta baki take shiga. Mutane da yawa ma ba ta mage suke samu ba, ta naman da bai gasu ba ne, tsire ko balangun da cikinsa ke ja, da latas da kabeji da karas ɗin da aka ɗebo daga kasuwar Farin Gada aka yanka ba a wanke sosai ba. Saboda haka matar Yaya kar ta kwashe kashin mage, wani ya riƙa kwashewa kullum ya wanke hannu da sabulu, ta wanke ganye da kyau, ta ci nama dafaffe sosai, kar magen ta hau inda ake girki, a daina ba ta ɗanyen nama, in matar Yaya ta je awo ta gaya musu akwai mage a gidan. In jariri ya zo kar a bar ta ta kwana inda yake. Maganar gashin mage na hana haihuwa kuwa babu ita.

Asma kuma, abin da ke tayar wa wasu ba gashin ba ne kansa, wani sinadari ne a yawun mage da fatarta, in ta lashe jikinta ya bushe ya bi iska. Wanda jikinsa baya jituwa da shi zai yi ta atishawa, ido ya yi ja, mai asma ƙirjinsa ya toshe. In akwai irin wannan a gidan to magana ta canza, a hana ta shiga ɗakinsa, a rage kafet, in abin ya ƙi a ga likita. In kuwa wata uku ana tare ba wanda ya yi ko tari, ba ta sa wa mai lafiya asma don ya haɗiye gashi. Hasali ma wani bincike a Detroit a 2002 ya nuna yaran da suka yi shekararsu ta farko a gida mai karnuka ko kyanwoyi biyu ko fiye sun fi ƙarancin borin jini da suka kai shekara 6 zuwa 7.

Ki ƙara gaya wa Yaya wannan, mage na korar ɓera, ɓera kuwa shi ke kawo zazzaɓin Lasa, ciwon da mu mutanen Jos muka sani tun farkonsa, nan garin aka kawo nas ɗin da aka fara gano shi a jikinta a 1969, kuma nan likita Jeanette Troup ta rasu da shi a 1970. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sa ajiye mage cikin hanyoyin kare gida daga shi.

Abin da ni nake tsoro, wanda ba ku ma ambata ba, shi ne ciwon haukan kare. Mage ma na ɗauka, kuma taku daga titi ta zo. Yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara a duniya, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamu sun bayyana sai dai addu'a. Na taɓa ganin yaron da kare ya ɗan yaga a ƙafa, aka shafa masa toka da gashin karen aka ce ya wuce, bayan wata biyu ya fara tsoron ruwa. Ban son tuna ranar. Ga shi kuwa Vom na nan bayan Bukuru, cibiyar binciken dabbobi da ke wajen tun 1924, suna yin allurar rigakafin nan. Dabba in ta kai wata 3 a yi mata, a maimaita duk shekara, a karɓi kati a ajiye. In kare ko mage ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, a duba agogo, sannan a tafi asibiti ranar a fara allura, kar a jira a ga ko dabbar za ta haukace.

Wasu za su karanta su ce to mu sayo wa tsohonmu kare. A yi tunani tukuna. Maƙwabtanmu da dama a Jos na zaune da karnuka lafiya lau kuma suna jin daɗinsu, amma a gidan Musulmi akwai hadisan da suka taƙaita riƙe kare ga farauta da kiwo da gadin gona, bayanin wannan na malamai ne, ni dai abin da na sani dabbar da za ta sa tsoho waswasin alwala da faɗa da maƙwabta ba za ta saukar masa da jini ba. Ga shi kare mai ƙarfi na iya fizgar tsoho ya faɗi ya karya ƙugu, a Amurka hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta ƙiyasta a 2009 cewa sama da mutum 86,000 ne ke zuwa asibiti duk shekara saboda faɗuwar da kare ko mage ya jawo, yawanci kare. Mage kuwa ba ta da wannan rigimar ta addini, Manzon Allah (SAW) ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu, ga Abu Huraira da ya samo sunansa daga 'yar kyanwa, ga hadisin matar da ta shiga wuta don ta kulle mage ba ci ba sha. Wanda zai ɗaure ta a buhu ya kai bayan gari ya tuna da wannan. Wanda baya son mage akwai zomo, akwai kanari, akwai kifi, akwai tattabaru amma a riƙa yayyafa ruwa kafin a share ɗakinsu a rufe hanci, ƙurar kashinsu na lalata huhu in an daɗe ana shaƙa. Kunkuru kuma a nisanta shi da yara 'yan ƙasa da shekara 5 saboda ƙwayar da ke sa gudawa.

Ita magen, ku kai ta asibitin dabbobi satin nan, allurar hauka, maganin tsutsa duk wata 3, a duba ƙuma da makero don makero na tsallakawa kan yara. In ba kwa son gida ya cika da 'ya'ya a yi mata aikin hana haihuwa. Kar a taɓa ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe mage, na sha karɓar su fuska a kumbure dasashi ya canza launi saboda an tausaya musu an ba su. Kar a fesa mata fiya-fiya ko maganin kaskar kare, kar a zuba shinkafar ɓera a gidan, a rage ba ta abinci mai albasa da tafarnuwa, madara ma da yawansu zawo take sa su. Ku sa wani abu mai ƙara a wuyanta don kar Baba ya taka ta da asuba ya faɗi. Kuma in za a kai ta asibitin, a tafi da Baba, shi zai riƙe katin, shi za a yi wa bayani, a bar shi ya biya da kuɗin fanshonsa in ya ce zai biya.

Sannan ku sa ido a kansa. In ya ci gaba da ramewa, ko baya barci, ko ya daina wanka da zuwa masallacin, ko ya fara cewa shi ma gara ya bi ta, wannan ciwon damuwa ne kuma ya fi ƙarfin mage, akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na jami'ar Jos (JUTH), ku kai shi ba tare da jin kunya ba. Ku ma kar ku ce tunda ya samu abokiyar hira kun huta da zuwa. In kin je ranar Juma'a ki tambaye shi me ta ci yau, wane suna ya sa mata, za ki sha labari. Ki turo mini hotonta in ga ko ta kai wata nawa, don in haƙoranta na madara ne har yanzu akwai allurar da za a maimaita bayan sati 3 zuwa 4.